Rigar da Inna Kang Ta Tafi da Ita

"Ba za ta sa ba. Na ce ba za ta sa ba, ko da unguwar nan za ta taru a kaina!"

Geng Baoshun yana tsugune a bakin famfon tsakar gida, ya dulmiya tiyub ɗin keke cikin kwanon ruwa yana neman inda iska ke fita, sai ga muryar Shulan ta fito daga ɗakin gabas kamar an cillo ta. Bai ɗaga kai ba. Iyali shida ne a gidan, bangon kowa siriri, wanda ya ce zai ɗaga kai duk lokacin da aka yi hayaniya, wuyansa ne zai gaya masa. Sai dai ɗakin gabas na Inna Kang ne, ita kuwa Inna Kang mutuwa take yi. Tun makon jiya likita ya sallamo ta, ya ce a kai ta gida a ba ta duk abin da ranta ke so. Ranta bai so komai ba. Kunun gero ma cokali biyu take sha ta kau da kai.

"Baoshun!" Wannan karon tsohuwar ce, murya kamar ta sauro, amma ta iso. "Na san kana nan, ina jin warin robarka. Shigo."

Ya goge hannu a wando ya shiga.

Tana kwance rigingine, ta ƙanƙance har bargon bai san da mutum a ƙarƙashinsa ba. A ƙarshen gado an jera kayan tafiyarta a ninke: farar riga ta ciki, mai auduga ta tsakiya, babbar ta sama ja mai zanen gauraki, ga wando, ga takalmin yadi. 'Yarta Shulan ce ta sayo su a shagon da ke bayan asibiti. Kowa a lungun ya san ƙa'ida: ana sa wa mutum kayansa ne tun yana da sauran numfashi. In rai ya riga ya fita, to tsirara ya tafi, ko da daga baya an naɗe gawar da zinariya.

"Yaya Shulan," in ji Geng, "har bakin titi ana jin ki."

"A ji ni mana! Ka san abin da take so? Rigar Chunlai take so a sa mata a ciki. Rigar da ya mutu da ita."

"Tana cikin akwatin ƙarƙashin gado," in ji tsohuwar. "Jawo."

"Kada ka kuskura ka taɓa."

Geng ya tsaya tsakaninsu da hannu a rataye. Uwarsa ta rasu tun bai iya ɗaura takalmi ba, taliyar Inna Kang ce ta raine shi, kwano ɗaya suke ci da ɗanta Chunlai, ƙanen Shulan. Ita kuwa Shulan ta sha murɗe masa kunne, har yau in ta ɗaga murya kunnen na tuna masa.

Shekara talatin ke nan ana ba da labarin mutuwar Chunlai a gidan nan, bai taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu ba. Abin da kowa ya yarda da shi ɗan kaɗan ne. Saurayi ɗan shekara ashirin, mai aiki a masana'antar tukwane, ya ci abincin yamma ranar uku ga Yuni, shekarar tamanin da tara, ya hau keke ya ce zai leƙa wajen ɗaliban da suka mamaye dandalin Tiananmen. Keken ya dawo, wani ne ya turo shi. Daga nan labari ya rabu. Ubansu har ya koma ga magabata cewa yake yaron faɗowa ya yi daga kan keke jama'a suka tattake shi, abin da ya gaya wa Shulan ke nan a waya, lokacin tana aiki a wani lardi da tsohon ciki. Gwaggo Pang ta kwamitin unguwa cewa take 'yan iskan da suka ƙone motocin soja ne suka jefe shi da bulo. Dangin mijin Shulan zazzaɓi suka sani. Tsoho Shan na ɗakin yamma, mai sauraron rediyon waje a ƙarƙashin bargo, ya mutu yana rantsuwa mutum dubbai aka kashe. Talabijin ta ce ɗari biyu zuwa uku ne, har da sojoji, kuma a cikin dandalin ko mutum ɗaya bai mutu ba. Yaran yanzu in ka yi musu maganar sai su dube ka kamar ka tambaye su hanyar wata. Inna Kang ce kaɗai ba ta da dogon labari. "Harbe shi suka yi," take cewa, ta ci gaba da tsinke wakenta.

Shi Geng yana ɗan sha bakwai a lokacin. Ubansa ya kulle shi a ɗaki ya zauna a bakin ƙofa da sanda. Ya ji ƙara kamar wasan wutar sabuwar shekara, ba tsayawa, amma bai ga komai ba, shi kuma ba ya gardama a kan abin da hannunsa bai taɓa ba. In an ja shi da zancen sai ya ce, "Ni faci nake yi."

"Baoshun, kai dai kana da hankali," in ji Shulan, ta rage murya. "Yau uku ga wata. Ka ga ɗan sandan da ke zaune a ƙofar gida da kwalbar shayinsa. Masu gidan ƙone gawa za su gyara ta, za su gani, kuma suna da baki. Ɗana yana jiran ƙarin girma a ofis, ana tona asalinsa har kakan kakansa. A ce kakarsa ta mutu a wannan rana sanye da wannan riga? Ita ta tafi ta huta. Mu fa?"

Geng ya sosa ƙeya. Maganar ba ƙarya a ciki.

"Inna, ni ma in faɗi tawa. In kin sa ta, tare da ke za a ƙone ta. Shaidar da kika ɓoye shekara talatin ta zama toka. Me aka yi ke nan?"

Tsohuwar ta buɗe ido ɗaya ta dube shi.

"Shaida? Wa zan kai wa shaida, kai mai kai kamar kankana?" Ta tsaya ta nemo numfashi, ya ɗan yi mata gardama kafin ya zo. "Rigarsa ce. A rumfar ajiye kekuna ta asibiti na same shi, a ƙasa, cikin layi, ba riga. Likitoci sun tuɓe masa sun tura ta ƙarƙashin kansa. Na ce a bar ni in je gida in ɗauko masa kaya. Aka ce ba lokaci, zafi ake yi, mota na jira. Da zanen gado aka ƙone shi." Ta sake tsayawa. "Shekara talatin yaron nan yana can ba riga. Shi da ko da rani tari yake yi. Abinsa zan kai masa."

A tsakar gida famfo na ɗiga cikin kwanon da Geng ya bari.

"Mama," in ji Shulan, "duk shekara muna ƙona masa rigunan takarda su isa gare shi can."

"Na takarda. Ke za ki sa?"

"Ni ban taɓa ganin rigar nan ba, kuma ba na so in gani. Baba ya ce faɗowa ya yi."

"Ubanki tsoro yake ji ki haihu a tsaye."

Labulen ƙofa ya ɗaga.

"Me ake rabawa ba a kira ni ba?"

Gwaggo Pang ce, gajera mai faɗi, da jan ƙyallen kwamiti a damtse da mafici a hannu. Ta doshi tamanin amma har yanzu ita ce idon lungun. Duk shekara in Yuni ya kama, ita ake sa wa ta lura da Inna Kang, wa ya shiga, wa ya fita, ta buga waya ta faɗa wa hukuma. Sauran watannin kuwa karta suke bugawa tare, su yi cuta, su zagi juna, in sanyi ya zo su jiƙa kabejinsu a randa ɗaya.

"'Yar leƙen asiri, kin iso?" in ji Inna Kang.

"Na iso, mai taurin kai. Har yanzu kina nan? Na zaci kin ba mu wuri."

Ba ta jira amsa ba, ta ajiye mafici ta cusa hannu ƙarƙashin bargo ta taɓa ƙafar tsohuwar, ta hau da hannun har gwiwa. Fuskarta ta sauya.

"Ke Shulan, kina tsaye kina zancen ofis, sanyi ya kai wa uwarki gwiwa. Ba za ta ga faɗuwar rana ba. Me kuke jira ba ku sa mata kaya ba? So kuke ta tafi kamar yadda ta zo?"

"Rigar yaron zan sa a ciki," in ji Inna Kang.

Gwaggo Pang ta gyara jan ƙyallen da ke damtsenta, ko da yake bai karkace ba.

"Yaya, kin san sai na faɗa."

"Ki faɗa. Amma sai kin sa min tukuna. Wannan 'yar tawa ba ta san hannun riga daga wuyanta ba."

Suka kalli juna, tsofaffi biyu. Geng ya ga abin da ya wuce tsakanin idanunsu amma bai san sunansa ba.

"Baoshun, jawo akwatin."

"Gwaggo! Har da ke?" in ji Shulan.

"Ni masu rai aka ce in lura da su. Wadda ƙafarta ta yi sanyi ta fita daga hannun kwamiti."

Geng ya durƙusa ya jawo akwatin. A can ƙasa, bayan tsofaffin barguna, akwai ƙunshi cikin buhun fulawa da aka wanke har rubutun jikinsa ya goge. Ya kwance. Farar shat ce ta yadin tetiron mai gajeren hannu, irin wadda duk saurayin zamanin ke yanga da ita. Ya kama ta a kafaɗu ya ɗaga wajen taga.

Inna Kang ta wanke ta, uwa ba ta iya ajiye rigar ɗanta da datti, amma tabon ya ƙi fita, ya zauna kamar an zubar da shayi daga ƙirji har ƙugu. Ƙarƙashin aljihun hagu akwai huji ɗan ƙarami, tsinken cin abinci ne kawai zai wuce. Geng ya juya bayan. Nan kuwa yadin ya yage ya buɗe baki, tafin hannu zai shiga. Hasken taga ya shiga ta ƙaramin ya fita ta babban. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana neman huji a tayoyin mutane, bai taɓa ganin wanda ya tsayar masa da numfashi ba sai wannan.

"Ni dai bulo aka ce min," in ji Gwaggo Pang a hankali.

Shulan ta lalubi bakin gado ta zauna.

Gwaggo Pang ce ta fara farfaɗowa. "To, ba kallo muka zo ba. Almakashi. Kayan tafiya ba a sa musu maɓalli, igiya ake ɗaurawa, kowa ya san wannan. Kuma uku ake sawa ko biyar, ba a huɗu, in ba so kuke mutuwa ta dawo neman mutum na biyu ba. Cire waccan farar ta shago, wannan ta maye gurbinta."

Ta yanke maɓallan ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa cikin murfin kofi. Ta yago bakin buhun fulawar ta yi igiyoyi ta ɗinka su, hannunta na tafiya kamar ba na tsohuwa ba. Da ta gama ba ta ajiye allurar ba. Ta lashi zare ta sake zurawa, ta shimfiɗa gaban rigar a gwiwarta.

"Ba a kai wa mamaci yagaggen kaya. Bari in rufe wannan, yanzu na gama."

"Bar shi," in ji Inna Kang.

"Yaya, iska za ta riƙa shigar masa. Ba ke kika ce yana tari ba?"

"A haka ya san ta. In kin ɗinke zai ce ba tasa ba ce."

Gwaggo Pang ba ta sauke allurar ba. Ta juya wajen Shulan.

"Ke fa? In na rufe gaba na yi wa baya faci, ko masu gidan ƙona sun gani tsohuwar riga ce kawai. Ɗanki ya samu kujerarsa, uwarki ta tafi da rigarta, ni in kwana lafiya. Ita ba ta da ƙarfin hana ni. Ke ce mai magana."

Geng ya ga ƙirjin tsohuwar na hawa da sauka da sauri kamar na tsuntsu. Ba ta roƙa ba. Ta dai zuba wa 'yarta ido.

Shulan ta miƙa hannu ta jawo rigar daga gwiwar Gwaggo Pang. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta sa ɗan ƙaramin yatsanta cikin hujin, ya shiga har gaɓar farko.

"Keke," ta ce. "Ya ce min keke ne. Ni kuma na gaya wa mijina zazzaɓi." Ta zare yatsan, ta shafa wurin da tafin hannu kamar mai lallashin yaro. "Ki bar shi, Gwaggo."

"Kin ji abin da kika faɗa?"

"Na ji. Ki bar shi."

Gwaggo Pang ta soke allurar a gaban rigarta ta miƙe.

"To saura ɗumamawa. A garin su Yaya ba a sa wa mutum kayan tafiya da sanyinsu. Ɗanta namiji ke sa su tukuna, ɗaya kan ɗaya, hannayen su shiga juna, ɗumin mai rai ya shiga ciki, sannan a zare su gaba ɗaya a zura mata."

"Ba ta da ɗa namiji," in ji Shulan.

"Wannan ƙaton fa? Taliyar wa ta yi wannan tumbin?"

"Na ji," in ji Geng. "Kawo in sa."

"Ba a nan ba. A waje, ƙarƙashin sama, a kan kujera, ƙafa ba ta taɓa ƙasa."

"Gwaggo, ɗan sandan nan Xing yana ƙofa."

"Na sani. Ni na ba shi ruwan zafi da safe."

Geng ya tuna da ɗan wurin facinsa a bakin lungu, wanda ba don an kau da kai ba da tuni an kwashe shi. Kalma ɗaya daga bakin Xing ta isa. Ya dubi gado. Leɓen Inna Kang ya fara yin shuɗi.

Ya fita ya tuɓe singiletinsa ya rataya a famfo.

Aka kawo kujerar tsugunno aka ajiye a tsakiyar tsakar gida ƙarƙashin magarya. Ya hau, ta yi ƙara. Kafin ya daidaita tsayuwa ƙofofi sun fara buɗewa. Matar mai tasi ta fito da ludayi a hannu, ma'auratan da ke haya a ɗakin Tsoho Shan suka leƙo, wani ya yi dariya.

"Mai faci, tallar tumbi ake yi yau?"

"Ja cikin nan ciki," in ji Gwaggo Pang, ta ɗaka masa mafici. "Ka ƙi jin magana ka bar giya, ga ranar kunyarka ta zo."

"Gwaggo, ja nake yi. Iyakarsa ke nan."

"Miƙo hannu."

Ta zura masa hannun dama, ta zagaya ta zura na hagu. Rigar saurayi ɗan shekara ashirin ce, ta matse shi a kafaɗa, gabanta bai haɗu ba, igiyoyin na reto. Dariyar ta ɗan ci gaba, sai ta tsaya cak, kamar an rufe famfo. Matar mai tasi ta sauke ludayinta.

Geng ya tsaya da hannuwa a buɗe. Yadin ya yi laushi don tsufa, yana ƙanshin akwati. Iska ta taso daga ƙofar gida, sai ya ji ta a bayansa, wuri ɗaya, ƙarƙashin allon kafaɗar hagu, sanyi mai faɗin tafin hannu. Ya sunkuyar da kai. Ta cikin ƙaramin hujin yana ganin fatar ƙirjinsa, tana motsi tare da bugun zuciyarsa. Bai yi tunanin dandali ba, bai yi tunanin soja ba. Abin da ya zo masa shi ne Chunlai yana tsaye a daidai nan da yammacin ranar, ya jiƙa gashi a famfo yana tajewa, yana cewa, "Ƙaramin ƙwaro, ka rage min taliya."

"Maigida Geng, wasan me ake yi?"

Xing ne, ɗan sandan farin kaya, mai furfura a gefen kunne. Ya yi shekara da shekaru yana zaman ƙofar nan duk Yuni, ya san sunan karen kowa. Ya tako har bakin tsakar gida da kwalbar shayinsa.

"Kayan tafiya ake ɗumamawa, Yallaɓai. Inna ta kusa."

"Wannan ta jikinka fa?"

"Riga ce."

"Na ga riga ce. Me ya huda ta?"

Geng ya ji duk labaran shekara talatin sun taru a bakinsa, keke, bulo, zazzaɓi, kowanne na neman fita. Ya haɗiye su.

"Ni ranar a kulle nake, ban ga komai ba. Amma ga ta nan. Zo ka taɓa."

Xing bai taɓa ba. Ya matso dai, ya duba gaban. Sannan ya zagaya a hankali ya tsaya a bayan Geng. Geng ba ya ganinsa, numfashinsa kawai yake ji. Ya daɗe a wurin.

"A makaranta ce mana aka yi..." in ji Xing, bai ƙarasa ba.

"Asu ne," in ji Gwaggo Pang da ƙarfi, tana warware rigar audugar. "Shekara talatin a akwati, me kake so ya faru? In sun tambaye ka, asu ne ya ci."

"Asu," in ji Xing.

"Asu. Matsa, kana tare mana haske."

Ya koma ƙofa. Geng na ganinsa daga kan kujera. Ya ɗauki abin zamansa, wanda kullum ke fuskantar cikin gida, ya juya shi ya fuskanci lungu, ya zauna ya ba su baya.

Gwaggo Pang ta ɗora masa mai audugar, ta ɗora jar mai gauraki a sama. Rana tsaka, ga zafin Yuni, gumi ya karyo masa. Ba wanda ya yi dariya, ko da yake ƙaton namiji ne cikin jar rigar tsohuwa. Shulan na tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ido ɗaya a kansa ɗaya a kan gado.

"Gwaggo, ku yi sauri. Numfashin na tsallake."

"Ya isa. Mai da hannuwa baya."

Ta kama wuyan rigunan uku tare ta zare su lokaci guda, kamar mai fiɗe fata, ta rungume su a ƙirji don kada ɗumin ya fita, ta nufi ɗaki da gudun da Geng bai san tana da shi ba. Labule ya sauka. Maza ba sa shiga.

Ya sauko ya tsaya a bakin ƙofa. Yana jin motsin gado, yana jin Gwaggo Pang na ba da umarni ƙasa-ƙasa. "Ɗaga kafaɗarta. A hankali, ba buhu ba ce. Wannan hannun. Yauwa. Yaya, taimaka mana mana, kin kwanta kamar sarauniya." Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har Geng ya dafa bango.

Can ya ji muryar, siririya.

"Da ɗumi."

"Da ɗumi, Mama."

"Yaron nan bai yi wanka ba."

Gwaggo Pang ta fashe da wata irin dariya mai haɗe da majina. Geng ya jingina goshinsa da bango.

Da suka gama aka ɗaga labule aka ce ya shigo. Tana kwance cikin ja, an taje mata gashi, an ɗaura igiyoyi, takalmin yadi a ƙafa. Ba a ganin komai na farar rigar sai ɗan bakin wuyanta da ya leƙo. Gwaggo Pang ta kai hannu za ta tura shi ciki, sai ta fasa. Tsohuwar ta ɗora tafinta a ƙirji wajen hagu, ta danne, kamar mai tafiya kasuwa da ta dafe aljihu. Idonta a buɗe, amma ba su take kallo ba. Fuskarta ta yi irin ta wadda ta shirya tun safe tana jiran mota.

Ba ta sake magana ba. Rana ta karkata, haske ya hau bango, numfashin ya riƙa zuwa yana daɗewa bai dawo ba. Sai ya tafi sau ɗaya, suka jira, suka jira.

"Kada hawaye ya ɗiga mata a kaya," in ji Gwaggo Pang. "Nauyi zai yi mata a hanya."

Shulan ta juya fuska ga bango ta yi kukanta a can, hannunta ɗaya a baya riƙe da ƙafar uwarta.

Gwaggo Pang ta shafa idon tsohuwar ta rufe, ta tsaya kanta ɗan lokaci. Sannan ta fito tsakar gida ta ciro waya daga aljihu, ta miƙe tsaye sosai kamar ana ganinta.

"Pang ce. Tsohuwa Kang ta rasu yanzu. Babu baƙo, 'yarta ce kawai da maƙwabta." Ta saurara. "An sa mata kaya. Uku, bisa al'ada." Ta sake saurarawa. "A'a. Shi ke nan."

Ta kashe, ta zauna a kan dakalin ƙofarta da wayar a cinya.

Geng ya koma ƙarƙashin magarya ya zauna a kan kujerar. Singiletinsa na rataye a famfo, bai ɗauka ba. Bishiyar na cikin fure, 'yan ƙanana masu ruwan ɗorawa, suna zubo masa a kafaɗa yana jin saukarsu. Can bayan rufin gidaje wani ya saki tattabarunsa na yamma, masu 'yan usur ɗaure a jela, suka taso suna kewaya lungun, sautin na zuwa yana tafiya, yana zuwa yana tafiya. A ƙofar gida Xing ya ɗaga kai yana bin su da kallo.